Tambayoyinku: Akwariyom ɗina na ruwan teku ya tsufa, wane iri zan sawo a Yamai?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan iyali lafiya. Ni ma'aikaci ne, ina zaune Yantala nan Yamai. Shekara tara ke nan ina riƙe da wani akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon kifi, na ruwan gishiri mai litir 120, wani nasara da munka yi aiki tare ya bar mani shi da zai koma ƙasarsu. Akwai kifi biyu ciki, irin masu ruwan lemu da farin zanen nan, da duwatsu da ɗan murjani mai laushi da ya rage. To yanzu gilashin duk ya karce, kuma gishiri na fitowa fari-fari ta kusurwa ɗaya daga ƙasa, uwargida ta ce in ban fidda mata shi daga salo ba wata rana cikin ruwa za mu tashi. Ƙanena da ke Faransa zai aiko kaya cikin kwantena, ya ce in zaɓi wanda nake so. Ni dai raina na kan wani mai litir 600 da na gani, ina son in sa murjanin nan masu rassa masu launi irin na bidiyo. Ko kuwa in sa masu gilashi na Katako su haɗa mani anan? Kuma gilashi ya fi ko na roba mai haske? Allah shi saka da alheri.

Mai karatu, Yantala, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka gaida mani uwargida, ka ce mata ita ke da gaskiya. Gishirin da ke taruwa a bakin akwariyom ta sama ba komai ba ne, fantsamar ruwa ce ke bushewa, kowa na fama da shi. Amma wanda ke fitowa ta ƙasa wurin da gilashi biyu suka haɗu, wannan yoyo ne, silikon ɗin da ya manne gilasan ya fara sakin jiki, ruwa na tsattsafowa a hankali yana bushewa kafin ido ya gan shi shi ya sa gishirin kawai kake tararwa. Shekara tara a hannunka ban da waɗanda ya yi wurin nasaran, ai ya yi ƙoƙari. Yau ɗin nan ka rage ruwan, ka ɗauke wayoyin kuran daga ƙasa, ka nemi babbar robar da ba a taɓa zuba sabulu ko mai a ciki ba ka ajiye kusa, don in ya buɗe da dare kana da inda za ka juye kifi da duwatsu.

To sai maganar litir 600. Ba zan ɓoye maka ba, ban goyi baya ba, kuma ba don kuɗin akwatin ba. Akwatin gilashin shi ne abu mafi araha a cikin wannan harka, sau ɗaya ake sayensa. Abin da zai ci maka aljihu da barci a Yamai abu uku ne, zafi da kuran da ruwa, su ya kamata su zaɓa maka girman akwariyom ba bidiyo ba. Mai bidiyon nan yana zaune garin da kuran ba ya ƙiftawa, kantin gishiri na bayan gidansa, mu kuwa tsakaninmu da teku ta hanyar Kwatano kilomita dubu ne da ɗoriya.

Zafi shi ne babba. Murjani dabba ce fa, ba tsiro ba ce ba kuma dutse ba, sai dai a cikin naman jikinta akwai wasu ƴan mitsi-mitsin gansakuka da ke zaune, su ke karɓar haske su yi abinci su ba ta. Ruwan da take so digiri 24 zuwa 27 ne, kuma kada ya riƙa hawa da sauka. In ya kai 30 ya daɗe can sai ta kori gansakukar nan, ta koma fari fat, daga nan yunwa ta kashe ta. Abin da ya faru ke nan a babban tsibin murjanin Ostiraliya a 2016 da 2017, ya sake faruwa a 2020 da 2022 da 2024, kuma can ƙarin digiri ɗaya kacal bisa zafin da suka saba, na wasu makonni, shi ke jawo ɓarnar. To ka auna da salonka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da waje ke wuce 42 ko a inuwa, ɗaki ba kilim ya kai 35 hankali kwance, ga famfunan cikin ruwa da fitila su ma suna ƙara nasu ɗumin. Ban san yadda naka murjanin mai laushi ya rayu shekara tara ba in ba kilim ke aiki a salon ba, amma kalmar da ka yi amfani da ita, wai "da ya rage", ta gaya mani bazara ta riga ta ci rabonta.

Hanyoyin sanyaya ruwa uku ne. Kilim a ɗakin dare da rana, wanda faktir ɗinsa kai ka san shi. Injin sanyaya ruwa na akwariyom, wanda kamar ƙaramin firigo yake, ruwa na shiga ta tiyo ya fito da sanyi, amma zafin da ya cire cikin ɗakin yake hura shi, don haka kada a kulle shi cikin kabad ɗin ƙasa, a ba shi inda iska ke wucewa. Sai na uku mai araha, fanka ƙarama tana busa saman ruwa. Wannan dabarar randa ce da tulu da kakanninmu suka sani, ruwan da ke tashi sama yana tafiya da zafi, kuma da yake iskarmu busasshiya ce abin na aiki sosai, yana sauke digiri biyu ko uku. Da damina kam ƙarfinta na raguwa. Ni nawa ra'ayin a haɗa fanka da inji, fankar ta yi aikin yau da kullum, injin ya tashi in abin ya fi ƙarfinta. Kuma kada ka yi dariya, ka sa ƙanenka ya saka abin ɗumama ruwa shi ma, don daren Disamba da Janairu na sauka wajen digiri 15, ruwa na iya yin sanyin da bai dace ba.

Anan girma ke shigowa. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin canjawa, wannan gaskiya ne, shi ya sa ƴan ƙananan nan na litir 40 ko 60 da ake talla ba su dace da mu ba sam, yini ɗaya ba kuran sun zama miya. Amma 600 na buƙatar inji babba, batir babba, gishiri ninki biyu na mai litir 300, ga nauyi wanda da ruwa da gilashi da duwatsu da teburi ya doshi tan guda. Tsakiyar ita ce litir 250 zuwa 300. In ka samu mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, litir 300 ke nan cif, ya ninka naka na yanzu sau biyu da rabi, hannunka na kaiwa ƙasa ba tare da ka jiƙa hammata ba, haske ma na isa ƙasan. Shi ma fa zai kai kilo 450 ko fiye, don haka teburi mai ƙarfi, a daidaita shi da ma'aunin magina kada ya karkata ko kaɗan. In na ƙarfe mai walda zai yi maka a shafe shi da fenti mai hana tsatsa sau biyu sau uku, gishiri ba ya raga wa ƙarfe.

Gilashi ko roba, gilashi. Robar nan da ake kira akirilik ta fi sauƙin ɗauka kuma ta fi riƙe sanyi, amma ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a abin goge-goge ta ja maka layi daga wannan gefe zuwa wancan, mu kuwa da hunturu ƙura har cikin tuwo. Kai da ke kukan karce a gilashi ma.

Maganar haɗawa anan gida, masu gilashinmu sun iya taga da kanta da madubi, amma riƙe ruwa kilo ɗari uku shekara goma wani aiki ne daban. In ƙanenka zai iya sa a yi wa akwatin keji na katako a cusa soso ta ko'ina, na kamfani wanda aka riga aka huda ya fi kwanciyar rai. In kuwa anan za a yi, to gilashin milimita 10 da ɗaurin gilashi a sama, in ba ɗauri 12, kada ya zama irin gilashin da aka gasa don wannan ba ya huduwa, rugurgujewa yake. Silikon kuma na akwariyom zalla, ba na bayi da kicin ba, wancan akwai maganin hana baƙin fumfuna a ciki kuma guba ne ga kifi. A bar shi mako guda ya bushe, a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida ya kwana uku ko huɗu kafin ya ga salon Hajiya.

Hujin da na ambata don akwati na biyu ne, ƙarami, da ke zama cikin kabad a ƙasa. Ruwa na gangarawa can, famfo ya maido shi sama. Can ake ɓoye injin kwashe kumfa mai fidda dauɗa, can ake sa fanka da abin ɗumamawa, kuma yana ƙara yawan ruwa. Amma ga gwajin da ya zama wajibi ga ɗan Yamai: ranar da ka haɗa, ka kashe famfon da hannunka ka tsaya ka gani, ruwan da zai koma ƙasa dole akwatin ƙasan ya ɗauke shi duka bai yi ambaliya ba, sannan ka kunna ka ga ko gangarowar ta ci gaba da kanta. Turawa jefi-jefi ɗaukewar wuta ke samunsu, mu wani yinin sau biyar.

Mun zo kan kuran ke nan. Mutane na zaton duhu ke kashe murjani in wuta ta ɗauke, a'a, tana iya kwana biyu uku ba fitila. Abin da ke kisa shi ne ruwa ya tsaya cik, iskar shaƙa ta ƙare, kuma ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, in ya yi ɗumi ya ƙara raguwa. Ni da kaina na ɗanɗana, wata bazara na tafi ta'aziyya Doso na kwana ɗaya, wuta ta ɗauke tun la'asar, yaron gida bai san yadda ake tada gurup ba, na dawo na tarar da wari tun daga ƙofa. Tun daga ranar famfon da ke kaɗa ruwa a nawa kan batir yake. Lissafin ba wuya, famfo mai cin wat 20, batir na bolt 12 mai amfiya 100, ko rabinsa ka ja ya riƙe ka awa talatin. Injin sanyi da kilim kam batir ɗaya ba zai ɗauke su ba, sai gurup ko fano na rana masu yawa, don haka ka riƙa ajiye gorunan ruwa daskararru a firigo, a rufe ruf, in abu ya ɓaci a jefa ɗaya bayan ɗaya ana duba ma'aunin zafi. Ka koya wa mutum biyu a gidan, ba kai kaɗai ba. Kayan Faransa bolt 230 ne, dab da 220 ɗin namu, ba matsala, na Amurka ne ke zuwa da 120, kada arha ta ja shi ya yi oda daga can. A sa regilater, a sa abin yanke wuta in ta taɓa ruwa, hannu cikin ruwan gishiri da waya tsirara ba wasa ba ne.

Sai ruwa da gishiri. Ruwan famfo akwai kulorin a ciki da sauran abubuwan da ke narke waɗanda mu ba sa damunmu amma su ke ciyar da koren gansakuka har ta rufe duwatsu. Ruwan leda ma ba tabbas. Na'urar tace ruwa ta osmos kake buƙata, da ɗan ma'aunin TDS mai kamar biro, mai auna abubuwan da ke narke cikin ruwa, ruwan da ya fito ya nuna sifili ko dab da shi. Tana zubar da litir uku ko huɗu kafin ta ba ka ɗaya, sai a tara wancan a ba shuka ko a yi wanki. Ruwan teku giram 35 na gishiri ne a kowace litir, a ma'aunin gishirin ruwa kana neman 1.025. Abin da sababbi ke mantawa, ruwa ne ke tashi sama gishiri na nan zaune, don haka cikon kullum da ruwan osmos zalla ake yi ba na gishiri ba, kuma da fanka a lokacin rani kana iya rasa litir biyar zuwa goma a yini. Akwai ɗan famfo mai cikawa da kansa, ka sa shi cikin jerin kayan.

Ka yi lissafin gishirin tun yanzu. Cikon farko na litir 300 zai ci kilo 11 ko 12. Canjin kashi goma cikin ɗari kowane mako litir 30 ne, kilo ɗaya da ɗan wani abu, a shekara wajen kilo 60, bokiti uku na kilo 20. Na 600 ninka. Da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 yawancin kaya ta Lome suka riƙa zagayowa su bi ta Burkina, ba abin da za ka ce gobe zai iso. Da ni ne, wurin da babban akwatin zai cinye a kwantena gishirin shekara biyu zan cika, da matatan osmos na canji, da famfo na biyu, da kayan gwajin ruwa.

Murjanin masu rassa da ka gani Akropora ake ce masu. Su ne mafi tsada kuma mafi saurin fushi, suna son haske mai ƙarfi, ruwa mai gudu, kalsiyom wajen 420, magniziyom wajen 1300, duka miligiram a kowace litir, KH kuma, wato ma'aunin kabonet ɗin da ke cikin ruwa, tsakanin 7 da 9 ba motsi, abu kaɗan ya goce cikin kwana biyu nama ya saɓule ya bar ƙashi. Kuma duk murjani mai ƙashin dutse na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ta shiga tun 1975, sai da takardun izini ake ƙetare iyaka da su. Ka fara da masu laushi, Sarkofiton mai kamar laima, Sinulariya, da masu kamar naman kaza, suna da haƙuri, kuma in ruwa na kaɗa su wallahi sun fi masu rassan daɗin kallo. In ka fidda bazara ɗaya cikakkiya ma'aunin zafinka bai wuce 28 ba, sai mu sake magana. Gargaɗi ɗaya, ƴan ƙananan nan masu kamar furanni, Zowantus da Palitowa, wasunsu na ɗauke da guba mai tsanani, safar hannu da tabarau in za ka taɓa, kada a tafasa dutsen da suke kai ko a kankare shi cikin ɗaki, yara kuma su yi nisa. Mai rai duk ta jirgi zai zo, ka shirya zuwansa lokacin sanyi kuma ka kasance filin jirgin Diori Hamani kafin ya sauka, kwali ya yi awa biyu a rana an gama.

Ƙaura kuma, dukiyarka ba gilashin ba ce, tsofaffin duwatsun nan ne. Cikinsu ƙwayoyin da ke juya amoniyar kashin kifi zuwa nitirit sannan nitirat suke zaune, shekara tara suna aiki. Kada su bushe, kada a wanke su da ruwan famfo, daga ruwa zuwa ruwa cikin bokiti. Tsohon yashi kam a bar shi, dauɗar shekaru na kwance ciki, kofi ɗaya ya isa ka yi iri da shi a sabo. Ka tada sabon akwatin da sabon dutse busasshe ka ba shi mako huɗu zuwa shida, sai gwaji ya nuna amoniya da nitirit sifili, ka daidaita zafi da gishirin ɓangarorin biyu, duwatsu da murjani su fara shiga, kifi daga baya. Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin wannan aiki. Kifayen naka biyu kuwa ka duba, babbar ita ce macen, duk irinsu maza suke tasowa sai wanda ya fi ƙarfi ya rikiɗe, kuma suna iya haura shekara goma sha biyar, don haka ba tsofaffi ba ne tukuna. Kada ka ƙara masu shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya, 300 ta yi masa kaɗan.

Na kusa mantawa, maganin sauro. Na feshi da na kunnawa duk guba ne ga kifi da jatan lande, kuma injin kumfa iskar ɗakin yake zuƙa ya cusa cikin ruwa. In za a fesa a kashe shi, a rufe akwatin da bargo, a buɗe tagogi kafin a kunna. Turaren wuta ma a ɗan nisanta kaskon. Wannan kam sai ka zauna da uwargida kun yi yarjejeniya, tunda ka riga ka ba ta gaskiya a farko zance zai yi sauƙi.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne nan Tawa, ina sha'awar abin ga ƙwarai amma babu hali. Mi za ya hana in sa gishirin Bilma, tunda shi ma na Allah ne ba na kanti ba? Kuma wajen ƙauyenmu akwai duwatsu masu ɓawon katantanwa ciki, malaminmu ya ce wurin ga teku ne da can. Ba su yi?

Ɗalibi, Tawa

AMSA

Ƙanena malaminku bai yi ƙarya ba. Masana ƙasa sun tabbatar wani reshen teku ya taɓa ratsa Sahara ya rufe Adar miliyoyin shekaru da suka wuce, farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza ragowarsa ne, kuma wajen Kawo an tono ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa. Amma dutsen yankinku sananne ne da fosfat, har taki ake yi da shi, fosfat kuwa a akwariyom shi ke haifar da gansakuka ya hana murjani gina ƙashi. Jan dutsen marmara shi kuma ƙarfe ne cike. Gishirin Bilma na raƙumi da miya ne, ma'adinan da ke cikinsa ba a ma'aunin ruwan teku suke ba, kalsiyom da magniziyom da sauransu duk sai an auna an haɗa, shi ya sa na akwariyom ke da tsada. Na cin abinci ma haka, kanwa kuwa kada ma ta zo kusa.

In launi kake so, ka nemi kifin tafkin Malawi, na ruwan daɗi ne, akwai shuɗi akwai rawaya kamar an yi masu fenti, suna son ruwa mai ɗan nauyi, wato mai ma'adinai, irin na wasu rijiyoyin burtsatse kuma ba ruwansu da gishiri ko osmos, fanka da famfon iska mai batir sun ishe ka farawa. Dutsen mai katantanwa kuma ka wanke shi ka ɗora kan teburin karatunka, in da hali ka turo mana hotonsa ta WhatsApp ɗin mujalla da sunan ƙauyen, ina son in gani.